Tun Da Aka Karɓe Wayar Daga Hannun Larai

Daura,
ranar Talata da hantsi.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da gwaggonki da duk mutanen gidanta. Allah Ya tsare ki a Abujar nan da ba ki san kowa ba sai ita, Ya tsare ki a tafiyarki ofis da dawowarki, Ya raba ki da mugun direba da mugun abokin aiki. Mu nan ƙalau muke. Babanki yana gaishe ki, ya ce ki riƙe salla a kan lokacinta ko da aiki ya kai miki wuya.

Na san abin da za ki fara cewa: me ya hana Mama ta kira ni a waya? Ai na kira. A waya kin fi ni sauri. Kafin in gama jera magana kin ce ana nemanki, sai a bar ni da waya a kunne ina sauraron iska. Takarda kuwa ba ki da inda za ki danna ta yi shiru, saboda haka nemi wuri ki zauna. Ba labarin gari zan ba ki ba. Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni, maganar Inna Larai, kuma ranar Asabar ɗin nan za a yanke ta. Zan faro ta daga tushe ko da kin san rabinta, don in akwai inda na karkace ki nuna mini wurin.

Kin taso kin same mu, mu matan unguwa masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da injinmu guda na niƙa da matsa wanda muka haɗu muka saya. Kin san yadda muke kama layi a da. Mace ta aiko da kwanonta a ajiye a ƙofar ɗakin inji, kwano bayan kwano, Larai mai riƙe da mabuɗi tana kallo. Ba na cewa tsarin ba shi da aibu. An sha tura kwanon wata baya da ƙafa, an sha faɗa har a daina gaisawa. Da kika gama karatun kwamfuta kina zaune gida kina jiran aiki, kika ce za ki raba mu da wannan. Kika yi mana shafi a intanet, kowace ta shiga da wayarta ko ta mijinta ko ta maƙwabciya, ta rubuta sunanta, ya je ya tsaya a ƙarshen layi. Larai kuma aka ba ta babbar wayar ƙungiya, wadda ita kaɗai ke buɗe shafin mai kula, tana kiran suna bi da bi. A saman nata shafin kika yi wani ɗan akwati mai nuna wadda ta shiga layi a ƙarshe.

Tun daga nan na fara kuskure. Ni da ko allura ba na saye sai na juya ta, ni da na sa mai sayar da injin nan a Mai'adua ya yi ta tayar da shi a gabana har ya gaji da ni, ban yi wa aikinki tambaya ko ɗaya ba. Daɗi ya kwashe ni. Na bi gida-gida ina cewa 'yata ce ta yi, kuma ni da bakina na ce a kwashe kwanukan nan daga ƙofa, zamaninsu ya wuce. Larai ta ce, "Yaya, da an bar su na ɗan lokaci tare da wayar, mu ga kamun ludayinta." Na ce mata tsoron sabon abu ne ke damunta. Ki ɗauki darasi a kaina. Duk abin da kika ƙera, mai sonki ba zai gwada miki shi ba, yabo kawai zai yi. Ki nemi mai yawan ƙorafi ki miƙa masa. Kuma kada ki yarda a jefar da tsohuwar hanya ranar da aka kawo sabuwa, ko da sabuwar taki ce.

Ba a daɗe ba suna ya fara ɓata. Da farko ɗaya-ɗaya ne, mace ta zo a ce ba ta cikin layi, ta yi tsaki ta sake rubutawa. Abin ya yi tsanani bayan tafiyarki, lokacin da sabuwar gyaɗa ta fara shigowa daga Zango kowa na rububin inji. Ranar da ya faɗa kan Hajiya Indo ne unguwa ta ji. Ta soya gyaɗarta, ta murje, ta sheƙe, ta ɗauki hayar babur aka kawo buhunan, mutumin da ke sayen mai a wurinta ya taso daga Kongolam yana jira. Aka duba, babu sunanta. Kin san soyayyar gyaɗa ba ta son jira, kuma kin san Indo ba ta son a ce mata gobe.

Larai ta ce, "Wallahi Hajiya ɗazu na ga sunanki da idona, can sama a cikin akwati."

Indo ta ce, "To, kin gan shi. Daga nan sai ya yi fiffike ya tashi? Wayar a hannunki take ko a hannuna?"

Mai sayen mai ya juya ya tafi gidan wasu.

Kin san halina, ba sai an gaya miki ba. Babanki yakan ce ko sallama aka yi mini sai na duba cikinta da bayanta kafin in amsa. Na zargi natuwok. Na zargi mutumin da ya canza wa wayar gilashi a kasuwa. Na zargi mazan wasu, don akwai waɗanda tun farko ba sa son matansu na shiga intanet. Ita kanta Indo na zarge ta, na ce wataƙila ba ta rubuta ba, tana neman wadda za ta ɗora wa ne. Da duk waɗannan suka ƙare mini sai na juyo kan Larai, ƙawata tun muna amare, wadda ta goye ki a bayanta kina jaririya. Abin da ya ja hankalina shi ne sunan 'yar ƙanwarta bai taɓa ɓata ba. Ban tsaya na tuna cewa yarinyar tana rubuta nata tun da asuba ba, kafin Larai ta buɗe shafi mata da yawa sun riga sun biyo bayanta.

Sai na ɗauki tabarmata na tafi ɗakin inji na wuni a gefenta, wai taya ta hira. Da an ɗan jima in ce, "Buɗe mu gani." Ta buɗe, ta rufe. An jima in sake cewa, "Buɗe mu gani." Idona ba a kan allon wayar yake ba, yana kan babban yatsanta, ina jiran in kama shi yana goge wani abu. Ban kama komai ba, amma ba a taɓa rasa sunaye kamar na wannan ranar ba. Da yamma mata suka cika ƙofa suna hayaniya, ni kuma ina cewa a raina lallai matar nan ta iya hannu, har a gabana. Ita kuwa ta san abin da ya kai ni. Da zan tafi ta naɗe mini tabarmar ta miƙo mini, ba ta kalle ni ba.

Ba zan ce miki ki daina zargi ba, don da na yi miki ƙarya. Inda kike yanzu, wadda ba ta zargi cinye ta za a yi. Ki zargi shugaban da ke yawan yabon gyalenki, ki zargi abokiyar aikin da ke son jin komai naki ba ta faɗin nata, ki zargi duk takardar da aka ce sa hannu kawai ba sai kin karanta ba. Amma idan abu ya lalace tsakanin mutum da na'ura, ki fara tuhumar na'urar. Ita ba ta da mutuncin da zai zube, ba ta da jikokin da za a yi wa gori a Islamiyya. Ni na yi akasin haka, saboda abin da ke cikin na'urar 'yata ce ta yi shi.

Bayan wannan aka yi taro, aka ce a karɓe wayar daga hannun Larai kafin a gano gaskiya, a ba Jummai sakatariyarmu. Ina wurin ban ce uffan ba, alhali kowa ya san da na yi magana da an saurara. A yammacin ranar na kira ki na kwashe komai na gaya miki. Ki tuna yadda muka yi. Kin saurare ni har na kai ƙarshe. Sannan kika ce, "Mama, sunan da yake ɓata, shi ne wanda yake fitowa a akwatin sama?" Na ce kamar haka ne. Sai kika ce, "Zan duba. Wataƙila natuwok ne." Kika yi mini sallama.

Daga washegari har yau, ko suna ɗaya bai ƙara ɓata ba.

Kin ga yadda abin ya zauna a idon mutane. An karɓe waya daga hannun Larai, ɓata ya tsaya cak. Indo har gida ta same ni tana cewa, "To Malama, saura me? Ko sai ta rubuta mana da hannunta cewa ita ce?" Ni ma a ranar farko na yi hamdala. Amma tambayarki ta ƙi barin kunnena. Na ba ki labari mai tsawo, kin tsallake Indo, kin tsallake mai gyaran waya, kin tafi kai tsaye kan akwatin. Sai na je gidan Jummai na ce ta buɗe mini, wannan karon kuma allon na kalla. A da, sunan da ke cikin akwati ba ya cikin layin da ke ƙasa. Mun ɗauka haka aka tsara, yana jira ne ya sauko. Yanzu sunan da ke akwati yana nan kuma a ƙarshen layi, wuri biyu. An taɓa aikin nan, Ummi. Jummai ko hasken wayar ba ta iya ragewa. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke iya shiga cikinsa.

A hanyar dawowa na tuna wata rana lokacin kina karatu. Ina tsakar gida ina mulmula ƙuli, kina gefe da kwamfutarki kina magana ke kaɗai. Na tambaye ki da me kike fama. Kika ce yaren da ake rubuta shafukan intanet da shi ne, JavaScript, kuma kina koyon yadda ake jera abubuwa a cikinsa. Kika ɗebi ƙulina kika jera a kan faifai.

"Wannan shi ne jeri, Mama. Sabon abu a ƙarshe yake shiga. In ina so in cire na ƙarshe, akwai umarnin da ake bayarwa, sunansa pop." Kika ɗauke na ƙarshen kika sa mini a tafin hannu. "Kin gani? Ya cire shi, ya miƙo miki. Jerin ya ragu."

Na ce, "In kuma ban miƙa hannu ba fa?"

"Shi ke nan, ya tafi. Jerin ba zai tuna ya taɓa zama a cikinsa ba."

"To in ganinsa kawai nake so, ba ɗauka ba?"

Kika ce wannan wata hanya ce daban, ana leƙa na ƙarshe a bar shi a wurinsa, ko a yi kwafin jerin a yi aiki da kwafin. Kika ce malaminku ya ja muku kunne a kai, don pop ainihin jerin yake taɓawa, kuma ba ya gargaɗi. Ko jerin ya ƙare ƙaf aka ce ya ciro, ba zai yi ƙorafi ba, babu dai abin da zai miƙo. Na ce ai wannan ɓarawo ne mai ladabi. Kika yi dariya, kika karɓe ƙulin kika cinye.

Ba na cewa na san aikinki. Malamar firamare ce ni mai ritaya, abin da na ji da kunnena kawai nake maimaitawa, kuma ga shi kin ga yawan mutanen da na zarga a banza. Amma ga abin da zuciyata ke gaya mini. Akwatin nan, maimakon ya leƙa sunan ƙarshe, ɗauke shi yake yi ya nuna, sannan a adana layin a gajarce. Duk buɗewar da Larai ta yi, mace ɗaya ta fita. Yawan kularta da aikin shi ne ya yi ta cin sunayen. Ranar da na zauna ina cewa buɗe mu gani, buɗe mu gani, ni ce nake korar matan nan ɗaya bayan ɗaya da bakina, ina hararar yatsan baiwar Allah. Kuma ina zargin kin gane haka tun muna kan waya, kin gyara daga can, kin yi shiru.

Kuskuren bai dame ni ba, don ba a yi mai sana'ar da hannunsa bai taɓa zamewa ba. Shirun ne ya tsaya mini a rai, na kuma yi ta juya dalilinsa. Wataƙila don wannan shafin ne kika nuna wa mutanen da suka ɗauke ki aiki, kina tsoron labari ya kai musu kina sabuwa. In haka ne, mutanen ofishinku ba su san akwai wata Larai a Daura ba. In ma sun ji, wanda ya san aiki ya fi sakin jiki da mai cewa na yi kuskure a wuri kaza fiye da wadda komai nata ke gyaruwa da kansa. Wataƙila kuma don ni ce, kin san yadda na cika baki a unguwa, ba ki son in ji kunya. To ki sauke wannan kayan, ni na cika bakin, ni zan ɗauki kunyata, na kuwa iya. Abin da na fi so ya zama shi ne kin ɗauka tunda an gyara magana ta ƙare, ba ki san abin da gyaran ya jawo a nan ba.

Ki riƙe wannan har ki tsufa a aikin nan. Duk lokacin da za ki gyara abu, ki tambaya wa aka ɗora wa laifin lalacewarsa. Irin aikinku ba a ganin hannun mai yi. Kina zaune a can ki taɓa wani abu, a nan Daura abu ya canza, mutane kuma dole su nemo wa canjin dalili, kuma wanda ke kusa da su za su kama.

Ga abin da ke gabanmu. Ranar Asabar bayan la'asar za a taru a gidan Jummai, an gayyato malamar Islamiyyarmu ta zama shaida. Indo da mutanenta sun ce Larai ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani ta rantse ba ita ke goge sunaye ba. In ta ƙi, ta ajiye mabuɗin inji ta fita daga ƙungiya. Jiya na je na same ta. Ban gaya mata zargina ba, don ina so in fara ji daga bakinki, na dai ce ta rantse tunda ta san ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, ni ban san abin da yatsana ya taɓa ba. Wayar nan ba saninta na yi ba. In dafa Littafin Allah a kan abin da ban tabbatar ba? Gara su karɓi mabuɗin." Kin san yadda za a fassara ƙin rantsuwar nan. Mabuɗi ba komai ba ne. Sunan da za ta fita da shi ne abin tsoro, macen da ta yi shekara da shekaru ana ba ta ajiya a unguwar nan, tun daga zoben amarya har maganar da ba a gaya wa kowa. Tuni wasu sun fara aikawa a karɓo musu kayansu.

Abin da nake so ki yi ba shi da tsawo. Ki yi saƙon murya ki turo wayar Babanki kafin Asabar, da Hausa tsantsa, ban da Turancin da za ki ɓuya a bayansa. Ki faɗi abin da ya faru yadda kowace tsohuwa za ta gane, ki faɗi ranar da kika gyara, ki ambaci sunan Inna Larai ki wanke ta. Ni zan kunna a gaban mata. In kuwa na zalunce ki, in akwai wani bayani na yadda akwatin ya canza da kansa, ki faɗa mini, zan nemi gafararki ba tare da jin nauyi ba. Amma in Asabar ta zo ban ji komai ba, zan miƙe in faɗi abin da nake zargi, da abin da na gani a wayar. Ki san nauyin wannan a kaina. Ke ce 'yar fari, ko sunanki na yanka ban taɓa kira a gaban mutane ba, sai ga shi ranar da zan miƙe in yi magana a kanki a taro, wannan ce maganar. Ba na so, raina yana ɓaci tun yanzu, amma zan yi.

Allah Ya lulluɓe ki da tsarewarSa, Ya yi wa aikinki albarka, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga mutane. Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin abin da ba mu sani ba, Ya dawo mana da ke lafiya da hutun Salla. Ki gaishe mini da gwaggonki, ki yi mata biyayya, kada ki bar mata wanke-wanke don kin zama 'yar ofis.

Direban da zai kawo miki takardar nan zai haɗa miki da gorar man gyaɗa ɗaure a leda. Ba nawa ba ne. Larai ce ta ji zan yi aike ta kawo da safen nan. Tun da aka karɓe wayar takan buɗe wa mutane ɗakin inji ta koma gida, ba ta ƙara kai tata gyaɗar ba. Wannan a turmi ta daka, da hannu ta matsa, a shekarunta. Ta ce in gaishe ki. Ta ce kuma in roƙar mata ke ki yafe mata, wai kin yi mana aiki mai kyau, ita ta lalata miki shi da rashin sani.

Na karɓa, na ce mata za ki ji.

Wassalam. Allah Ya tsare.

Mamanki.